Kalmar Yau

A Fadaman Mada, bayan sallar isha'i,
ɗana Nafi'u ya jingina waya a jikin buta,
jiragen wata duniya na ɓarin wuta tsakanin taurari.
A allon matuƙi, na gida kore ne shar,
abokin gaba ja wur kamar barkono,
ba a kuskure, ba a ko jinkirtawa.

Baba na kan tabarma yana ɓarar gyaɗa.
Ya leƙa, ya ja tsaki:
"Ƙarya fure take yi. Ɗigo ba ya zuwa da launi."

Shekara ashirin da shida ya yi gaban na'urar hangen jirage,
Saje Bappayo, wanda ido ya ci kafin furfura.
Ya ce, "Ɗigo ne kawai, kashin ƙuda a madubi.
Kai za ka aika masa ta iska: wane ne?
A cikin jirgin akwai ɗan akwati, bai kai bulo ba,
shi ke amsa sallama da kalmar ranar,
kalmar da ake sauyawa tun ba ta kwana a kunnen bare ba.
In ta dace, naka ne.
In shiru..."

"In shiru, a harbe!" in ji Nafi'u.

"In shiru, shiru ne, ɗan nan.

Wata damina, hadari ya haɗo daga wajen Dass,
ɗigo ya ɓullo ƙasa-ƙasa.
Sau uku na tambaya, sau uku bai tanka ba.
Oga na tsaye, numfashinsa a ƙeyata,
wani can ya ɗora yatsa yana jiran bakina.
Na ce, ranka ya daɗe, dubi tafiyarsa,
mai mugun nufi ba ya ɗingishi haka.
Wannan gida yake nema.
Ashe Istifanus ne, ɗan Bogoro,
tsawa ta ƙone masa akwati ta bar shi bebe.
Ba ka ga accar da matarsa ke aiko mana duk ƙarshen shekara ba?"

Ya hure ɓawon gyaɗa daga tafinsa.

"Kakana wanzami ya rubuta wa tasa kalmar a kunci,
da aska, ba sauyi har kabari.
Da ita aka buɗe masa ƙofar ganuwa,
da ita kuma aka kama shi a wani gari.

Amma masu hana ni barci na ƙasa ne:
'yan taron suna a gindin tsamiya,
makiyayi da sanda a kafaɗa.
Daga sama, sanda da bindiga uwarsu ɗaya.
Su ba akwati a cikinsu.
Wa ya tambaye su? Da me za su amsa?"

Wannan hira bara ce.

Bana allon Baba ya dushe.
Na shiga da kunun gyaɗa da hantsi,
ya ja bargo zuwa haɓa: "Wace ce?"
Na ce Hansatu.
Sunan ya bugi bango ya dawo mini.
Na kira sunan inna, na kira Istifanus,
na kira lambar aikinsa da na haddace tun ina firamare,
duk kalmomin jiya ne, wa'adinsu ya wuce.

Na juya zan ajiye kofin a kan taga,
ƙafata ta hagu na ja,
wadda na karya a dutsen Warinje ina 'yar tara.
Ya bi ni da ido, taku ɗaya, taku biyu.
Hannunsa ya saki bargon.

Ya ce da wani oga da ba ya ɗakin,
"Ranka ya daɗe, a dakata.
Wannan gida take nema.
A kunna mata fitilu ta sauka."