Kejin Bar-su

Shekara talatin da biyu ina gandireba,
makullai a ƙugu suna magana kafin in buɗe baki.
Na san ƙarar kwaɗo in ya kama,
na san shirun da ke biyo bayanta.
Da na ajiye kaki na koma Yalwa,
na ce ni da kulle mun raba gari.

Sai ga Keziya za ta tafi bautar ƙasa,
ta dire min kwikwiyo a kwalin taliya,
kunne ɗaya a tsaye, ɗayan ya ƙi tashi.
"Baba, sunansa Bar-su.
Ka saba masa da keji, kada ya cinye gidan."
Kafin ta kai tasha
ya gama da silifas ɗina na hagu.

Bappayo mai walda ya haɗa kejin,
rodi da waya da shuɗin fenti,
ko ficika bai rage min ba.
Daren farko na yi abin da hannu ya saba:
na tura, na rufe, na ja sakata.
Kuka har asalatu.
Maƙwabciya ta leƙo ta katanga:
"Malam Bulus, yanka shi kake yi?"
Na zauna a dakali, tocila a kashe.
Na san kukan nan.
Na sha jin sa daga bakin masu gemu,
na wuce ina kaɗa makullai.

Da gari ya waye na ɗaure ƙofar a buɗe,
na shimfiɗa tsohon zanen Keziya a ciki.
Kan busasshen kifi a bakin ƙofa,
washegari taku ɗaya ciki,
jibi can ƙurya.
Ya miƙa wuya, ƙafafun baya a waje,
kamar yaro mai leƙen rijiya.
Ya wafce, ya arce ƙarƙashin gwaiba.
Ban ce masa kanzil ba.

Mako uku muna ciniki.
In rufe, in ƙirga goma, in buɗe.
In rufe, in shanye kokona, in buɗe.
In rufe, in je Wunti cefane,
in dawo in tarar yana hamma.
Ran da ya yaga takardar fanshona
hannuna ya kai ga wuyansa,
ƙafata ta nufi kejin da kanta.
Na tsaya.
In na jefa shi yau don fushi,
gobe ɗakinsa ya zama wurin aikina.
Na sake shi, na tsince takardar
gutsure-gutsure, ina zagin gwaiba.

Jiya ruwa ya sauko da tsawa,
wuta ta ɗauke, kwanon rufi na rawa.
Na duba bayan randa, babu.
Ƙarƙashin gado, babu.
Na haska kejin:
ga shi a dunƙule kan zanen,
hanci cikin wutsiya,
kunnen nan ɗaya na gadi.
Ba wanda ya kai shi.

Hannuna ya tafi ga sakata
kamar yadda yake tafiya tun ina saurayi.
Na dawo da shi aljihu.
Na jawo kujera kusa da ƙofar,
muka saurari ruwa tare,
shi a ciki, ni a waje,
har na fara gyangyaɗi.