Hannuna Ne

Shekara uku jakar zumuntar mata tana wurina,
baƙar leda a gwangwanin madara, can ƙarƙashin gadona.
Kowace Laraba bayan addu'a mata su zuba,
ni in rubuta, Mama Rifkatu ta duba.
Kuɗin gwauraye ne, da na asibiti,
da shinkafar da muke rabawa ran Kirsimeti.

Wani dillali a Kantin Kwari ya ce atamfa za ta tashi,
in na saya yau, kafin Disamba na ninka.
Daren nan ban runtsa ba.
Da asuba na durƙusa, ba don addu'a ba,
na jawo gwangwanin.
Dubu ɗari biyu da arba'in. Na sa masa suna aro.

Ya ce in dawo Asabar.
Na dawo Asabar, shagon na wani ne, wayarsa a kashe.

Daga Kwari har Sabon Gari a ƙafa na tako,
ina neman wanda zan ɗora wa kayan.
Na ce Shaiɗan ne.
Na ce Istifanus ne, da albashinsa ba ya ganin goma ga wata.
Na ce farashin kwanon shinkafa a 'Yankura,
da kuɗin makarantar Godiya,
da mai gidan haya da ke buga ƙofa kamar zai cire ta.
Ba ƙarya ko ɗaya a ciki.
Sai dai duk cikinsu babu wanda ya san inda gwangwanin yake.

Mako bakwai ina rera waƙa a layin gaba,
ina kaɗa tulu, bakina na yabo, cikina na lissafi.

Sai ran da Godiya ta fasa min tangaran.
Na tambaye ta, ta ce kyanwa ce,
alhali miyar na nan a gefen zanenta.
Na ɗaga hannu zan mare ta,
hannun ya tsaya a sama, ya gane kansa.

Ashe tsohuwar sana'a ce, tun lambun farko:
namiji ya nuna mace, mace ta nuna maciji,
maciji kuwa ba shi da yatsa.
Wanda ya zo nemansu da sanyin yamma ya san da macijin,
amma kowa abin da ya aikata aka tambaye shi.
Na tuna gajeren nan da ya hau itace don ya ga Yesu,
ya sauko ya mayar ninki huɗu.
Ni ko ninki ɗaya ba ni da shi.

Na sayar da keken ɗinkina. Dubu saba'in.
Laraba ta zo, na miƙe kafin a yi addu'ar rufewa,
gwiwoyina na rawa kamar an kunna injin niƙa.
Ban ce an yaudare ni ba, ko da yake an yaudare ni.
Na ce, ni na buɗe, ni na ƙirga, ni na kai.

Ba wadda ta yi tari.
Saratu, da kuɗin hayarta ke cikin ledar nan,
ta dube ni har sai da na so ƙasa ta tsage.
Mama Rifkatu ta miƙo hannu, na ba ta littafin lissafi.
Ba ta yi murmushi ba. Ta dai ce, mu yi addu'a,
ta kuma ambaci sunana a ciki.

Gafara an biya min ita da jini, ban ba da ko kwabo ba.
Bashi kuwa da gumi ake biyansa.
Yanzu ina soya ƙosai a bakin layinmu,
dubu goma duk ƙarshen wata,
sabuwar ma'aji ta rubuta, ni in sa hannu.
Saratu ba ta fara gaishe ni ba tukuna.
Jiya dai ta aiko yaronta ya sayi na ɗari biyu.