Gida Biyu a Allon Mushe Nomau

Ni ne Aliyo tela, na Garkawa cikin Tawa.
Shekara sittin da uku, ramin allura ya fara yi mini rowa,
ga ni bisa bencin yara, gwiwa na gaida haɓa,
ina koyon Ingilishi bayan isha'i.

Jikata Sahiya ce ta ja mini.
A Kumasi aka yanke mata cibi,
Hausarta ba ta wuce "sannu Kaka" ba,
Faransancina kuwa na awon wando ne.

Mushe Nomau ya raba allo biyu.
Nan ya rubuta house, can ya rubuta home,
ya ce duka gida ne.
Na ce, to ina amfanin ɓarnar alli?
Ya ce na farko bulo ne da kwano da ladan magini,
na biyu kuwa inda in ka yi dare
wani zai kasa barci.

Na yi shiru. Fitila ta yi ta tara ƙwari.

Ran Laraba na rama.
Na ce, Mushe, almakashin Illa in na karɓa aro ne,
shi ɗin dai zan maido.
Jikka biyu in na karɓa rance ne,
wata jikkar zan biya.
Yaya Turawa ke raba su?
Ya sosa ƙeya, ya ce borrow, duka biyun.
Na yi dariya har da tari.
Ashe mai jirgin sama ma da irin talaucinsa.

Sai ga alone, sai ga lonely.
Wancan, in ji shi, ba kowa a ɗakin.
Wannan, ko ɗakin ya cika maƙil.
Yara suka duƙa suna rubutu,
ni ban buɗe kaye ba.
Mu goma sha ɗaya ke cin tuwo a gidana,
damina huɗu ke nan da aka kai Hajo makwanci.
Wannan darasi na biya kuɗinsa tuntuni.

Jiya da la'asar tarho ya yi ƙara,
na taka keke ya tsaya.
Muryarta siririya kamar zaren lilo:
in an yi hutu za su zo,
za su zo...
Sai layi ya yanke a kan kalmar.
Da ha ta fara, wannan na ji.
Sauran iska ta cinye tsakanin Kumasi da Konni.

Na kira ubanta, na ce wanne ta ce?
Ya ce, Baba, ai duk ɗaya ne.

Ba ɗaya ba ne, Asumana.
Kai ka daɗe a can, ni na je lakwal.

Na yanka atamfa yadi biyu ban ga kafaɗarta ba.
Na bar kalmasa mai faɗi a ƙasa,
ko ta fi yadda nake zato tsawo.