Rumfa Mai Lamba Ɗari Huɗu da Tara

Shekara uku muna ginin wasan nan,
ni da Radomir, a saman gidan burodi a Gdansk.
Yau ga shi cikin akwati guda:
kwamfuta biyu, wayoyi a cukurkuɗe,
ƙyalle mai hoton tsohuwa da komarta.

A Kolon an ba mu rumfa daf da banɗaki.
Manyan kamfanoni na ta ruri kamar hadarin gabas,
mu kuwa sai ƙirga takalman masu wucewa.
Magana ɗaya na yi ta nanatawa
har murya ta dushe:
"Tsohuwa ce ke neman jirgin mijinta.
Zai fito da kaka."
Ban ce musu tawa kakar ce ba.

A Busan, ranar ƙarshe, ƙafa ta kumbura,
wata yarinya, Da-eun, ta karɓi linzami.
Ta tuƙa kwalekwalen ta inda ba mu taɓa bi ba,
tsohuwa ta zurma ta gindin teku,
ta faɗa sarari fari fat, ba sama ba ƙasa.
Kuskurenmu ne. Radomir ya dafe kai.
Ita ko ko gezau,
ta juya ga tafinta: "Can mijin yake?"

Daren nan a otal ban toshe ramin ba.
Taliya ta huce a kofi
ina zana ɗan jirgi can ƙasa, cikin farin,
da fitila ɗaya a kunne.

Namu jirgin ƙarfe shida na safe.