Shafi na Ashirin da Uku

Jiya edita ya dawo mini da littafin,
ya ja jan layi a shafi na ashirin da uku.
"Gitel," in ji shi, "yara ne fa za su karanta.
Ki sa jirgin ƙasan nan ya tsaya a wani wuri."
Na ce, Wannes, ai ya tsaya.
Inda ya tsaya ne ba ka so in faɗa.

Shekaruna tamanin da huɗu.
Ina bakin taga a Antwerp, ruwa na dukan rufin tasha,
fensirina ya gajarce, haƙurina ma haka.

Na zana tauraron nan ruwan ɗorawa
da Mama ta ɗinka a rigar sanyina da baƙin zare
don farin ya ƙare.
Allura ta soke ta, ta tsotse yatsa, ba ta ce uffan ba.
Wannan ya yarda da shi. Yara na son tauraro.

Na zana Leontin mai gasa burodi a ƙauyen bayan Lier,
fulawa har gwiwar hannu,
ta durƙusa daidai tsawona ta ce:
"Daga yau ke Godeliva ce, 'yar ƙanwata.
Ko a mafarki aka kira Gitel, kada ki waiga."
Shekara biyu ban waiga ba.
Na haddace addu'ar da ba tawa ba
har limamin coci ya shafa kaina,
da dare kuwa, cikin bargo mai warin yis,
in raɗa wa tafin hannuna sunana na gaskiya,
in dunƙule shi kar ya tashi.
Ran Juma'a da almuru Leontin kan kunna kyandir biyu,
wai lantarki tsada gare shi.
Ta sani. Na san ta sani.
Ba mu taɓa yin zancen ba.

Duk wannan ya wuce gaban edita lafiya.
Anshel ne ƙashin da ya tsaya masa a wuya.

Yayana. Shekara sha ɗaya, kunnuwa fato-fato,
mai tara maɓallai a gwangwanin kifi,
in ya yi fito da yatsu biyu, karnukan layinmu sai sun amsa.
Gidan Leontin yaro ɗaya zai ɗauka.
Ya ce, "A kai ta, ita ce sarkin kuka."
Ya miƙo mini maɓalli guda, shuɗi, mai huda huɗu,
ya ce aro ne, ba kyauta ba.
Daga barikin Mekelen aka loda su, shi da Mama,
a taragon dabbobi, ƙofa a garƙame.

Wannes na so in sa ya diro,
ya faɗa gonar dankali, wani manomi ya tsince shi.
Akwai waɗanda suka diro, gaskiya ne.
Anshel ba ya cikinsu.
In na yi masa wannan ƙaryar,
sau biyu ke nan an ɗauke shi.

Jikata Tirza, 'yar shekara tara,
ta karanta rubda-ciki a kan darduma, ƙafafu na lilo.
Da ta kai shafin sai ƙafafun suka tsaya.
Can ta ce, "Kaka, maɓallin fa?"
Na jawo durowa.
Ta ɗaga shi a haske, ta leƙo ni ta hudar.
"Tunda aro ne, ba za ki iya ba ni ba ke nan."
Na ce ba zan iya ba. Sai dai ki taya ni riƙe masa.

Ba ta yi mugun mafarki ba, na tambayi uwarta.
Ta dai wuni tana neman mai koya mata fito da yatsu biyu,
duk gidan ba wanda ya iya.

Anjima zan kira Wannes.
Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.
Shafin na nan yadda yake:
tarago, hayaƙi, ƙasansu fili fari ba rubutu.
Yaro ya fi mu iya tsayawa gaban farar takarda.

Bari in fara feƙe fensirin.
Kunnen hagun bai fito daidai ba tukuna.