Gwangwanin Mai Shayi

A bakin Ƙofar Doka nake da tebur,
shekara sha tara ina zuba wa mutane suga,
cokali uku, wani ya ce ƙara.
Sai ga sugan ya biyo ni gida,
ya kama Gwaggo Ladidi ta ƙafa.

Ranar da aka yanke mata yatsa a Shika
ban hura wuta ba.

Allurarta a gindin randa take kwana,
don lantarkinmu baƙo ne, ba ya sallama in zai tafi.

Yanzu akwai gwangwanin madara kusa da burodi,
na huda murfinsa.
'Yan acaɓa na jefa canji.
Asabe mai ƙosai ta sa hamsin, ta ce kar a faɗa.
Wani ɗalibin Samaru ya girgiza shi, ya yi dariya,
washegari ya dawo da abokansa shida.

Ƙarshen wata gidauniyar unguwa ke buɗewa:
rabi allura, rabi ga masu binciken magani.
Na sani, ko kwalbar gwajinsu ba zai saya ba.
Amma da yayyafi kogi kan cika,
a tambayi Kubanni.

Wanda ya ce mini ƙara,
yanzu sai na dube shi tukuna.