Takalman Leendert

A Poeldijk dare ba ya yin baƙi sosai,
fitilun gidajen gilashi sun hana shi,
sama ta yi ja-ja kamar bakin murhu.
Nan Leendert ya tsufa cikin tumatir,
shekara arba'in da bakwai yana ɗaure reshe da igiya
har tsagar tafinsa ta rine kore.

Da sassafe yakan murɗa famfon iskar kabon,
ta bi bututu, ta ratsa tsakanin layuka,
ganye ya sha, 'ya'ya su yi ɓul-ɓul.
"Abincinsu ke nan," in ji shi,
"yaushe abinci ya zama abin zargi?"

Jikarsa Sietske ta zo hutu.
Ta zauna kan akwatin da aka kifa,
tana ɓare lemo, tana kallon rufi.
Ya ce, "Wai duniya ta zama irin ɗakin nan nawa.
To ina gilashin? Nuna mini.
Tun ina yaro nake ɗaga kai, ban ga ko tsaga ba."

Ta tofar da ƙwallo a hannu.
"Kaka, sunan aro ne.
Gilashinka iska yake tsarewa
kada ta tashi ta gudu da ɗumi.
Na sama, aikinsa daban.
Hasken rana na saukowa, ba mai tambayarsa daga ina,
ya wuce kamar baƙon da ya san gida,
ya faɗa kan teku, kan kwalta, kan gadon bayan saniya.
Ƙasa ta sha, ta ɗumama,
sai ta mayar da shi sama cikin wata kama,
hasken da ido ba ya gani,
wanda kumatunka ke ji
in ka gifta bangon bulo bayan faɗuwar rana.
A hanyar komawa ake tare shi.
Tururin ruwa, kabon, gyatsar shanun maƙwabcinka,
su cafke shi, su watsa ta ko'ina,
wani ya tsere, wani ya juyo ƙasa.
Shiga kyauta, fita da haraji."

"A kwashe su mana."

"In an kwashe duka, da tekun nan dutse ne,
ba kai, ba ni, ba tumatir.
Bargo ne, Kaka. Bargo ɗaya rahama.
Mu ne muke ta jibga wani kan wani
a jikin mai barcin da tuni ya fara gumi."

Bai tanka ba.
Ya tsinke wani ganye da ya yi rawaya,
ya murza shi, ya sansana.

Bayan ƙofar sito akwai takalma a rataye,
masu wuƙar ƙarfe a ƙasa, na zamiya kan ƙanƙara.
Da su ya bi magudana har Schipluiden
a hunturun da ya haɗu da Aaltje:
ta faɗi, ya miƙa hannu, ta ƙi,
ta tashi da kanta tana harararsa.
Shekara shida ke nan da binne Aaltje.
Magudanar na nan.
Bara ta yi ɓawo siriri na kwana biyu,
ko kyanwa ba ta yarda ta taka ba.
Bana agwagi ke wanka a tsakiyar Janairu.

Duk da haka, kowane Nuwamba
yakan sauko da su, ya wasa wuƙar, ya shafa mai.

Da yamma Sietske ta same shi a waje,
ya kara tafi kusa da bangon sito,
bai taɓa ba, saura ɗan yatsa,
ido rufe, kamar mai sauraren numfashin jariri.
"Ina jin sa," ya ce. "Yana fita."

Ta ce, "Yana ƙoƙari."

Suka tsaya har bulo ya huce.
Sannan ya shiga ya duba tumatir,
don gobe da asuba motar kasuwa za ta zo.